Taƙaitaccen Bayani Kan Magungunan Raunin Tairod

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin maƙoƙo, domin ciwo ne da ido yake gani. Abin da yake kumbura wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, wadda likitoci suke kira tairod. Aikinta shi ne zuba sinadarin tairoksin cikin jini, wanda yake daidaita yadda jiki yake mayar da abinci ƙarfi. Idan ta yi rauni, ko da wuya bai kumbura ba, mutum kan yi fama da kasala da jin sanyi da ƙiba da bushewar fata. Ƙarancin aidin cikin abinci yana jawo haka, haka nan cutar Hashimoto, watau jiki ya riƙa yaƙar tairod ɗinsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana magungunan wannan rauni.

Ire-iren Magungunan

A shekarar 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata allurar ruwan tairod ɗin tunkiya, ta kuwa sami sauƙi. Daga nan aka gane cewa maganin shi ne mayar wa jiki abin da ya rasa. A yau iri uku aka fi sani.

Na farko shi ne lebotairoksin, wanda ake haɗawa a masana'anta, kuma daidai yake da tairoksin na jiki, watau T4. Shi ne likitoci suka fi bayarwa, domin yana daɗewa cikin jini, ƙwaya ɗaya a rana ta wadatar. Na biyu shi ne liyotaironin, watau T3, mai saurin aiki da saurin gushewa, wanda akan haɗa da na farko ga 'yan kaɗan da ba su ji daɗin jikinsu ba. Na uku shi ne busasshen tairod na dabba, galibi alade. Wannan yana ɗauke da T3 fiye da yadda jikin ɗan Adam ya saba, shi ya sa likitoci ba su cika fara bayar da shi ba.

Yadda Ake Sha

Ana shan lebotairoksin da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam suna hana shi shiga jiki, don haka akan raba su da shi da awa 4. Bayan mako 6 zuwa 8 sai a auna TSH cikin jini, likita ya ƙara ko ya rage. Idan ya yi yawa yana jawo bugun zuciya da raunin ƙashi. Mai juna biyu kuwa takan buƙaci ƙari, saboda ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta.

Kammalawa

Maganin nan cike gurbi yake yi, ba ya gyara tairod. Galibin masu wannan rauni za su sha shi iyakar rayuwarsu, kuma wanda ya ji sauƙi ya ajiye, ciwon zai komo masa sannu a hankali.