Yoyon man sitiyari a tsohuwar mota: yadda ake gano shi da yadda ake gyarawa

Galibin motocin da ke jigilar mutane a Yamai, Garwa, Marwa ko Njamena sun gama rayuwarsu ta farko a Turai kafin su sauka a tashoshin ruwan Kwatano, Lome ko Duwala. Mota kamar Toyota Carina E, wadda aka daina ƙerawa a 1997, har yau tana ciyar da gidaje. Sai dai ko injinta na da ƙarfi, robobin jikinta sun tsufa, kuma zafin rana da ƙura da gargada suna ƙara musu tsufa. Shi ya sa yoyon man sitiyari ya zama ruwan dare a garajojinmu.

Direbobi da yawa suna ɗaukar abin da wasa: su sayi kwalbar mai, su ajiye a but, kowace safiya su ƙara kaɗan. Wannan dabara tana jinkirta gyara ne kawai, kuma sau da yawa tana ninka kuɗinsa. Famfon da ya yi aiki babu mai yana cinye kansa. Sitiyari na iya yin nauyi kwatsam ana tsakiyar kwana da fasinja cike da mota. Man da ya fesu a kan salansa mai zafi kuma yana iya kama wuta.

Yadda na'urar ke aiki

Abin da Faransanci ke kira « direction assistée » ba sabon abu ba ne, tun 1951 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sayar da mota mai shi. Tsarin yana da sassa huɗu: tankin mai, famfo da bel ɗin inji ke juyawa, tiyo biyu, sai kiremayer, wato sandar nan mai haƙora da ke tura tayoyin gaba dama da hagu. Manyan motoci irin su tsohuwar Land Cruiser da tsofaffin Marsandi akwatin sitiyari gare su maimakon kiremayer, amma aikin ɗaya ne.

Famfo yana tura mai da ƙarfi ta tiyo na farko, man ya taimaka wa hannun direba, sannan ya koma tanki ta tiyo na biyu. Matsin da ke cikin tiyon farko yana iya kaiwa bar 100 idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗan wani abu. Babu abin da ke ƙona wannan mai, ba ya kuma ƙafewa. Idan ya ragu a tanki, to lalle akwai inda yake fita.

Kafin komai, a tabbatar motar tana amfani da man ma. Ƙananan motoci da yawa da aka ƙera daga shekarun 2000 sitiyarinsu na lantarki ne, ba su da tanki ba su da famfo. Idan irin wannan ta yi nauyi, matsalar ta wuta ce.

Alamomin farko

Alama ta farko yawanci ƙara ce: wani kuka ko gurnani daga wajen famfo idan ana juya sitiyari, musamman lokacin ajiye mota ko da sanyin safiya. Sai nauyin sitiyari, ko ya riƙa yin sauƙi yana nauyi. Idan aka buɗe tanki aka ga man ya yi kumfa, iska ce ke shiga. A duba yawan man a kan layin MIN da MAX. Wasu murafen suna da layi biyu, na lokacin da injin ke sanyi da na lokacin da ya yi zafi, domin man yana ɗan kumbura da zafi.

Ɗigon da ke ƙasa ma yana ba da labari. A shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin gaban motar ya kwana. Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa mai kauri. Ruwan lagireto ba shi da maiƙo sosai. Man sitiyari ja ne ko kore ko ruwan zuma, ya danganta da motar, kuma idan ya tsufa yakan yi duhu. A mota mai giyar otomatik man giya ma ja ne, don haka sai a lura da wurin da ɗigon ya sauka, a kuma auna duka biyun a ga wanne ke raguwa.

Neman bakin yoyon

Mai yana bin gangare, iskar tafiya kuma tana kai shi baya, saboda haka inda yake ɗiga ba lalle nan yake fita ba. A ƙasarmu ƙura takan manne a kansa ta rufe komai. Mataki na farko shi ne a wanke famfo da tiyo da kiremayer da sabulu, a kiyaye ruwa daga kayan wuta, a bari su bushe. Daga nan a cika tanki daidai layi, a tada inji, mutum ɗaya ya riƙa juya sitiyari dama da hagu, ɗayan yana haskawa da tocila daga sama zuwa ƙasa. Wuri mafi tsayi da ya fara jiƙewa shi ake zargi.

A kula da abu biyu. Kada a riƙe sitiyari a ƙarshensa fiye da daƙiƙa 5, domin a nan matsi ke kai maƙura. Kada kuma a lalubi tiyon matsi da hannu injin na aiki: siririn feshin mai na iya huda fata, ga bel da fanka suna juyawa. Mai babbar riga ya tuɓe ta kafin ya sunkuya.

Wuraren da aka fi samun yoyo su ne waɗannan.

Tiyon komawa. Matsinsa kaɗan ne, da zoben ƙarfe ake ɗaure shi. Idan ya bushe yakan tsage a bakinsa. Gyaransa shi ne mafi araha: a ƙara ɗaure zoben, ko a yanke bakin da ya tsage idan tsawon ya isa, ko a canza shi. Amma sai tiyon da aka yi don mai. Na ruwa yana yin laushi ya kumbura cikin ɗan lokaci.

Tiyon matsi. Yakan fara gumi a wurin da robar ta haɗu da ƙarfe. Wannan ba ya karɓar faci, ko da robar tayar keke, ko waya, ko gam. Ko dai a sa sabo, ko a kai wa masu matse tiyon manyan motoci da katafila su sa sabuwar roba a tsofaffin kawunan. Inda ake ɗaure shi da noti mai rami akwai ƴan zobban jan ƙarfe biyu, a sa sababbi duk lokacin da aka kwance.

Famfo. Idan bayan kurar da bel ke ja ya jiƙe, ko man yana fantsama a jikin bonet, sil ɗin sandar famfon ne ya mutu. Akwai kuma ƙaramin zoben roba a inda mai ke shiga famfon. Idan ya taurare, iska yake tsotsa, man ya yi kumfa, famfon ya yi ta kuka. Mutane da dama sun sayi famfo guda alhali wannan ɗan zoben ne kawai. Idan kuwa an ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin man, famfon ya ci kansa, sai canji tare da wanke tsarin gaba ɗaya.

Kiremayer. A ƙarshenta biyu akwai roba mai lanƙwasa kamar zugazugi, aikinta tare ƙura. Ya kamata cikinta ya zama babu man sitiyari. Idan an matsa ta an ji mai a ciki, ko an sassauta zobenta mai ya zubo, sil ɗin cikin kiremayer ne ya lalace, kuma canza robar waje ba zai tsayar da yoyon ba. Wannan shi ne gyara mafi tsada. Bakanike mai hannu zai iya canza sil idan sandar tana da santsi. Idan yashi ya shiga ta yagaggiyar roba ya kankare ta, ko ta yi tsatsa, sabon sil ma ba zai daɗe ba. Bayan wannan aiki dole a daidaita tayoyin gaba, abin da ake kira « parallélisme », in ba haka ba taya za ta cinye gefe ɗaya.

Wane mai za a zuba?

A nan ake yawan yin ɓarna. A karanta abin da aka rubuta a murfin tanki ko littafin motar. Tsofaffin Toyota da yawa jan man ATF nau'in Dexron suke sha. Motocin Jamus da dama koren mai CHF 11S suke buƙata. Honda tana da nata na musamman. Tsofaffin Citroën irin su BX da Xantia kuma LHM ne. Kada a cakuɗa su, kada kuma a dogara da launi kaɗai. Man birki haramun ne a wannan tanki, yana lalata robobin duka, haka ma zuba man sitiyari a tankin birki yana iya kashe birkin. Tankunan biyu sukan yi kusa da juna, sai a lura. Man da ake aunawa a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba, gara rufaffen galan.

Maganin toshe yoyo da ake sayarwa yana kumbura tsohon sil ne na ɗan lokaci. Zai iya rage gumi, amma ba ya ɗinke tsagaggen tiyo.

Fitar da iska bayan gyara

A ɗaga gaban motar, a tokare ta da abin da ya fi jak aminci. A cika tanki, injin a kashe, a juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20, ana ƙara mai idan ya sauka. Sai a tada inji a maimaita har kumfa ta ɓace, kukan ya tsaya. A goge wurin tas, a sake dubawa bayan kwana biyu ko uku. Bel ɗin da ya sha mai a canza shi, domin zai riƙa santsi.

Idan yoyon ya kama mutum a hanya, ɗan gumi ba zai hana a kai gari ba muddin ana tsayawa ana dubawa ana ƙarawa. Idan kuwa man na fesowa, ko yana sauka a kan salansa ana jin ƙauri, a kashe inji a nemi bakanike. Tsohon man da aka juye kuma a tara shi a galan a bar wa garaji, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya.