Harrods: Yadda ake furta sunan shahararren kantin Landan

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnatin da tafiya ta taɓa kai shi Landan ya san koriyar jakar nan mai rubutu da ruwan zinare, wadda matafiya kan riƙo tsaraba a cikinta. Sunan da ke jikinta shi ne Harrods, ɗaya daga cikin kantunan kayan alfarma mafi shahara a duniya. Sai dai da yawa daga masu riƙe da jakar kan yi tuntuɓe wajen faɗin sunan, har direban tasi ko ma'aikaciyar da ta ɗaga waya ta ce a maimaita.

Kantin ya samo sunansa daga Charles Henry Harrod, wanda ya buɗe ƙaramin shagon kayan masarufi a unguwar Knightsbridge a shekarar 1849. Harafin "s" da ke ƙarshe alamar mallaka ce, wato ma'anar sunan ita ce "na Harrod", kamar yadda Bahaushe zai ce kantin wane. A 1985 ne attajirin nan ɗan ƙasar Masar, Mohamed Al-Fayed, da 'yan uwansa suka saye shi, sannan a 2010 ya koma hannun kamfanin zuba jari na ƙasar Katar a kan kuɗi kimanin fam biliyan ɗaya da rabi.

Gaɓa biyu, ƙarfi a ta farko

A bakin Turawan Ingila sunan gaɓa biyu ne kacal, kusan kamar a ce HA-radz. Abubuwa huɗu ne ke kawo wa Bahaushe cikas a nan.

Na farko shi ne ƙarfin murya. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da nata hawa ko sauka, kuma ana fitar da kowane wasali sarai. Turanci kuwa yakan ɗora ƙarfi a kan gaɓa ɗaya, sauran su raunana. A Harrods gaɓar farko ce mai ƙarfi. Wanda ya ce ha-ROD ya juya kalmar, kuma wannan ne ya fi rikita kunnen Bature.

Na biyu shi ne harafin "o". Da yake yana cikin gaɓa mai rauni, ba a furta shi kamar na "goro". Ɗan gajeren sauti ne mai kama da "a", wanda ake wucewa ta kansa da sauri.

Na uku shi ne "rr". A Hausa ninka baƙi na sauya ma'ana, shi ya sa "baba" daban, "babba" daban. A Turanci ninkin na rubutu ne kawai. Ana furta "r" guda ɗaya, mai laushi, ba tare da harshe ya kaɗa a hanƙa ba.

Na huɗu shi ne ƙarshen kalmar. Baƙaƙe biyu ne a jere, "d" da "s", kuma "s" ɗin tana fita ne da sautin "z". Harshen Hausa ba ya son cunkoson baƙaƙe, don haka yakan cusa wasali a tsakani, sunan ya koma Harodis, gaɓa uku. Dabarar ita ce a tsaya a kan "d", a saki ɗan sautin "z" nan take, a rufe baki.

Ita kanta unguwar tana da nata tarkon: ba a furta "k" ɗin farkon Knightsbridge, haka ma "gh". Abin da ake ji shi ne NAITS-brij.

Sauran manyan kantuna

Wannan ƙa'ida ta ƙarfin gaɓar farko tana aiki a kan takwarorinsa. Selfridges, wanda Ba'amurke Harry Gordon Selfridge ya buɗe a titin Oxford a 1909, ana furta shi SEL-fri-jiz. Fortnum & Mason na titin Piccadilly, wanda tarihinsa ya faro tun 1707, FOT-nam an MEI-san ne, domin Turawan Landan ba sa fitar da "r" idan baƙi ya biyo bayanta. Harvey Nichols kuwa HA-vi NI-kalz ne: "ch" ɗin sautin "k" ne, "v" ɗin kuma ana yin ta ne da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, saɓanin "b". 'Yan kasuwar Kano masu zuwa Dubai sukan ci karo da Bloomingdale's, kantin da asalinsa na birnin New York ne, wanda ake furtawa BLU-min-deilz.

Hausa ma tana da nata tsarin

Sauya wa baƙuwar kalma kama ba jahilci ba ne, tsohuwar al'adar harshe ce mai bin ƙa'ida. Kalmar "kanti" kanta aro ce daga Turanci, tun zamanin da kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC suka kafa rassa a Arewa suna sayen gyaɗa da fata, suna sayar da atamfa da gishiri. Ta wannan hanya ce Peugeot, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta zama Fijo, Mercedes ta zama Marsandi. Haka aka samu burodi da asibiti da sukudireba. Wanda ya shiga tashar mota a Birnin Kudu ko Gwaram ya furta Peugeot da lafazin Faransawa, shi ne za a ce ya maimaita. Kowace kasuwa da irin kuɗin da take karɓa.

Inda lamarin ke taɓa aljihu

Furuci ba ado ne kawai ba. Ɗan kasuwar da ke ciniki ta waya da wakili a Landan ko Dubai yana bukatar a gane shi tun karon farko, musamman yanzu da saƙon murya na WhatsApp ya zama hanyar odar kaya. Idan aka ji wani suna daban, kaya daban za su iso.

Rubutu ma ya fi furuci haɗari. Sunayen manyan kantuna da kamfanoni suna yawo a jikin kayan gwanjo da jakunkuna da turaruka, daga Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano har zuwa kasuwannin karkara irin na yankin Kangire. Masu jabu kan sauya harafi ɗaya, su rage "r" ko su ƙara wasali, haka ma 'yan damfara masu buɗe shafukan intanet na bogi. Wanda ya saba da sunan a kunne kawai ba zai lura ba. Saboda haka ya kamata a rubuta sunan harafi bayan harafi a duk odar da za a tura, a kuma duba shi da kyau kafin a biya kuɗi.

Ga mai son gyara furucinsa, manyan ƙamus na Turanci da ke intanet suna ɗauke da muryoyin da ake saurara kyauta. Ba sai an kwaikwayi muryar Bature gaba ɗaya ba. Idan aka ɗora ƙarfi a gaɓar da ta dace, aka kuma guji ƙara wasalin da babu shi, za a fahimci mai magana ko da harshensa na gida yana fitowa.