Gargaɗi ga magina da masu gini a Birnin Kudu da Gwaram

Jama'a, a yi hattara! Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kowa ke neman dabarar rage kashe kuɗi. Ga kuma bidiyoyi na yawo a wayoyi, ana nuna yadda ake niƙa robobi da ledojin fiya wata a zuba cikin kwaɓi a madadin yashi. Kada kowa ya gwada wannan a harsashin gini, ko ginshiƙi, ko linta, ko dakin.

Siminti ba ya kama roba yadda yake kama yashi da tsakuwa. Roba santsi gare ta, ba ta shan ruwa. Kwaɓin zai bushe, ya yi kyau a ido, alhali cikinsa duk ƙananan kafofi ne, kuma gwargwadon yawan robar, gwargwadon raunin ginin. Da rani ba za a gane ba. Sai damina ta kankama, ƙasa ta jiƙe, katanga ta fara tsagewa. Wanda ya ga gidajen da ambaliyar 2022 ta rusa a Jigawa ya san abin da nake nufi.

Masu bincike a jami'o'i suna gwada abin, gaskiya ne, amma da ma'auni suke yi, sannan su matse samfurin a inji bayan kwana 28. Kwanon sarki da ƙiyasin ido ba za su yi wannan aikin ba.

Ruwan sinadarin da ake sayarwa a galan don hana yoyo ko ƙara danƙon filasta, wannan daban ne, yana da amfani. Amma a bi awon da ke jikin galan, a duba ranar lalacewarsa, a guji wanda aka ɗura a gorar ruwa ba suna.

Masu narka leda a ganga kuwa don buga bulon daɓe, ku fitar da aikin daga cikin unguwa. Hayaƙin guba ne, musamman in bututun PVC ya shiga ciki. Kada a sa yara hura wannan wuta.

Malam birkila, in mai gida ya matsa maka ka zuba roba a kwaɓi, ka ƙi. Alhaji mai gini, in ka riga ka zuba irin wannan kwaɓi, ka tsayar da aiki, ka kira injiniya mai rajista da COREN ya duba kafin iyalinka su tare.