Kwamfutar Gida Ta Zama Mai Ba Da Waƙa

A gidajenmu da yawa yau akwai kwamfuta, amma aikinta bai wuce buga takardun makaranta da kallon fim ba. Ga kuwa wani aiki da za ta iya yi wa iyali duka, wato ta kaɗa kiɗa, ta kuma riƙa nuna kalmomin waƙa a allonta layi bayan layi, mu kuwa mu bi da muryoyinmu. Wannan shi ake kira karaoke.

Kalmar ta Japananci ce. "Kara" na nufin abin da ba kowa a ciki, "oke" kuwa guntun kalmar da suke kiran ƙungiyar makaɗa da ita ne. Ma'anarta ke nan kiɗa ba mawaƙi. Wani makaɗi mai suna Daisuke Inoue ya ƙera injinsa na wannan aiki a birnin Kobe a 1971, domin mutanen da suka saba yana yi musu kiɗa su iya rerawa ko ba ya nan. Bai yi rajistar ƙirƙirar tasa ba, saboda haka dukiyar da aka samu a kanta ta wuce shi. A 1999 mujallar Time ta sa shi cikin mutanen Asiya da suka fi tasiri a ƙarni na 20.

Kayan da ake bukata ba su da yawa: kwamfuta, lasifika, makirufo, sai manhaja irin su KaraFun ko vanBasco. Abin da ya kamata mu gane shi ne irin fayil ɗin waƙar. Akwai wanda ake kira MIDI, tsarin da ya fito a 1983. Ba a ɗauki sautin kowa a cikinsa ba, umarni ne kawai da ke gaya wa kwamfuta wane sauti za ta kaɗa, da lokacin da za ta kaɗa shi. Don haka ana iya rage saurin waƙa ba tare da ta lalace ba, ana kuma iya saukar da ita idan ta yi wa tsofaffi tsayi. Mai koyon sabuwar waƙa ba abin da ya fi masa wannan. Akwai kuma MP3+G, wanda fayil biyu ne masu suna ɗaya, ɗaya na kiɗa ɗaya na rubutu, kuma tilas su zauna wuri guda, in ba haka ba kiɗa zai tashi allo yana fayau.

To, waƙoƙinmu na Hausa fa? Da wuya mu same su a shirye, sai mun yi da kanmu, kuma ba wuya. Akwai fayil da ake kira LRC, rubutu ne zalla. A gaban kowane layi ana rubuta minti da daƙiƙar da ake so ya bayyana, misali [01:15.00], wato bayan minti 1 da daƙiƙa 15. Matashi ɗaya mai haƙuri zai gama waƙa guda a yamma ɗaya, idan mai piyano na ikkilisiya ya ɗaukar masa kiɗan. A kula a adana rubutun da tsarin UTF-8, domin haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su fito daidai. In ba a yi haka ba, sai su koma alamar tambaya ko akwati, yaro kuma ya kasa bambanta "ƙasa" da "kasa".

Abu biyu kan ɓata wa masu farawa rai. Na farko, idan makirufo ya fuskanci lasifika sai a ji wata ƙara mai huda kunne. Maganinta mai waƙa ya tsaya bayan lasifika, a kuma rage murya. Na biyu, lasifikar Bluetooth takan jinkirta sauti kaɗan, mai waƙa ya ji muryarsa tana biyo shi a baya har ya rikice. Waya ta fi.

Me ya sa muka ɗauki wannan da muhimmanci? Mu da muke koyarwa a ikkilisiya muna ganin yara da yawa, musamman na birane, suna jin Hausa amma ba sa iya karanta ta. A ba su Littafin Waƙoƙi, sai baki ya yi motsi ido yana wani wuri. A ƙasar Indiya, wani malami mai suna Brij Kothari ya soma tun 1996 yana neman a riƙa sa kalmomin waƙoƙin fim a talabijin cikin harshen da ake rera su, domin masu raunin karatu su riƙa gwadawa ba tare da sun ji kamar suna aji ba. Dalilin a fili yake: wanda ya san waƙa da ka, idonsa zai bi rubutun, ya haɗa abin da bakinsa ke faɗa da abin da yake gani. Idan waƙar fim ta yi wannan, ta sujada ma za ta yi.

Sai dai fa kwamfuta ba ta zaɓen waƙa, abin da aka zuba mata shi za ta fitar. Iyaye su karanta kalmomin kafin yara su hau rerawa, gama abin da yaro ya rera sau goma ya zauna a zuciyarsa ke nan. Waƙar da wani mawaƙi ya yi guminsa a kanta, kada mu kwafa mu sayar ba da izininsa ba. Mu tuna kuma da maƙwabta, kada murnarmu ta hana marar lafiya barci.

Kada kuma inji ya maye gurbin taron mawaƙa, domin kwamfuta ba ta jin wanda ya kauce, balle ta gyara masa. Ta zama wurin bita a gida kafin a haɗu. Muna roƙon shugabannin matasa da na Zumuntar Mata su zaɓi waƙoƙi 5 da yara suka fi tuntuɓe a kansu, a shirya su, a raba wa gidaje. Bayan addu'ar iyali da dare, a rera ɗaya tare, kaka tana ja daga ka, jika yana bi daga allo. Allah ya taimake mu.