Laimar Kudu Da Tufafin Mutanen Arewa

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mutumin Arewa da ke zaune a Agege ko Obalende ko Sabon Badun yakan buɗe adakarsa ran jajiberin Salla don ya ciro babbar rigarsa, sai ya tarar ta yi ɗigo-ɗigon baƙi tana wari. Riga ce mai aska takwas wadda ya daɗe yana tara kuɗinta. Wani ya zargi mai wanki, wani ya ce ɗan kasuwa ne ya cuce shi da shaddar banza. Alhali kuwa laifin na laima ne.

A Kano ko Katsina, mutum yakan ninke rigarsa ya kulle a adaka ta shekara ba abin da ya same ta, domin iskar can busasshiya ce, balle da hunturu. Ikko ba haka take ba. Ruwan da take samu a shekara ya kusa ninka na Kano biyu. Yakan sauka sosai daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita cikin Agusta, sa'an nan ya komo cikin Satumba da Oktoba. Ga kuma teku a kusa. Saboda haka tufa takan sha laima ko a cikin ɗaki take, fumfuna kuwa laima take nema. In ta zauna a auduga sai ta ci zaren, rigar ta yi rauni har ta yage.

Abu na farko, kada a ajiye tufa sai ta bushe sarai. Wurin aikin wuya da aljihu ya fi kauri, shi ne kan riƙe ruwa bayan sauran jiki ya bushe. Rigar da aka sa aka yi zufa a cikinta, ko sau ɗaya ne, a rataye ta ta sha iska kafin a ninke.

Na biyu, sitaci. Yana ƙara wa shadda kyau, amma abinci ne ga fumfuna da kyankyaso. Rigar da za ta daɗe a ajiye a wanke ta ba sitaci, sai an tashi sa ta a sa mata.

Na uku, wurin ajiya. Kada a jingina adaka da bango ko a aje ta a kan siminti, a ɗora ta bisa katako. Adakar ƙarfe takan yi tsatsa a nan Kudu, don haka a shimfiɗa tsohon zane a ciki. Leda ba ta da amfani, domin takan kulle laima tare da rigar. Duk ranar da rana ta fito da kyau, a fid da kaya a shanya, a bar adakar a buɗe ita ma.

Tufafin rini, irin waɗanda ake tsomawa a marinar Ƙofar Mata a Kano, a wanke su da ruwan sanyi, su kaɗai, a juya cikinsu waje a shanya a inuwa. Wurin guga kuma, a bi ta bayan aiki don kada zafin dutse ya kashe ƙyallin zaren.

Game da ƙwayar kafur, tana korar ƙwari amma ba ta hana laima. Kuma lalle mata su kiyaye: kada a sa ta cikin kayan jariri. Likitoci sun tabbatar tana farfasa jinin wasu jarirai, ta jawo musu shawara mai tsanani.

In fumfuna ta riga ta kama, a fita waje a kakkaɓe, a wanke da sabulu. Farar auduga a shafa mata lemon tsami da gishiri a shanya a rana. Amma tabon da ya daɗe da wuya ya fita duka.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Wanda ya baro gida neman abin kansa bai kamata ya bar laima ta cinye masa abin da ya samu ba. Rigar da aka kula da ita takan yi Salla da yawa, har ta koma gida tare da mai ita.