Sinima Ta Koma Kujerar Bayan Mota

Daga Wakilinmu a Kano

A zamanin da Peugeot 504 ke sarautar hanya, watau bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna cikin 1975, abin nishaɗin da ke cikin motar ma'aikacin gwamnati bai wuce rediyo da kaset ba. Maigida ke riƙe da maɓalli, abin da ya zaɓa shi kowa zai saurara, yara kuwa sai kallon itatuwa da shanu ta taga har barci ya kwashe su. Wanda ke son kallon fim a wancan lokaci sai ya jira dare, ya nufi sinimar Plaza a Fagge ko ɗaya daga cikin na Sabon Gari.

Yau sinimar ce ta biyo mutane cikin mota. Duk wanda ya tsaya gefen Titin Murtala Mohammed ko Titin Faransa da maraice, zai ga motocin iyali irin su Toyota Sienna da Honda Odyssey suna wucewa, hasken ɗan allon talabijin na haskaka fuskokin yara a kujerar baya. Wani allon a rufin mota yake rataye, wani kuwa an dasa shi a bayan matashin kan kujerar gaba.

Wannan abu ba a nan ya samo asali ba. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin motoci a Amurka suka fara sanya na'urar bidiyo mai cin kaset a manyan motocin iyali, sa'an nan faifan DVD, wanda ya fito a Japan cikin 1996, ya ture kaset ɗin. Su waɗannan motoci ne, bayan sun yi shekara goma ko fiye a hannun masu su na farko, ake loda su a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, su iso Kano a matsayin na hannu. A farkon 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa na tudu, amma sunan 'yar Kwatano bai bar bakin jama'a ba. Kafin ma ƙananan motoci, manyan bas-bas da ke tashi daga tashar New Road zuwa kudancin ƙasar nan sun daɗe suna nuna wa fasinja fim a hanya.

To, a nan ne magidanci da yawa ke shan mamaki. Ya sayi mota, dillali ya nuna masa allo ya ƙara masa kuɗi a kansa, ya isa gida ya sa faifai, na'ura ta tofo shi. Dalili kuwa shi ne, masu yin DVD sun raba duniya shiyya-shiyya: Amurka ce shiyya ta 1, Turai ta 2, Nijeriya kuwa tana cikin ta 5, kuma na'urar wata shiyya na iya ƙin faifan wata. Bugu da ƙari, tsarin hoton talabijin na Amurka, wanda ake kira NTSC, ya bambanta da PAL da muke amfani da shi. Sau da yawa rimot da belun kunne marasa waya da suka zo da motar tun asali sun ɓace a hanya. Abin da ya rage kuma ƙurar hunturu da zafin Afrilu, lokacin da awon zafi kan kai 40, su ƙarasa shi, gama idon da ke karanta faifai ba ya shiri da ƙura.

Saboda haka sana'a ta buɗe wa masu kayan lantarki na Sabon Gari da masu wayarin mota. Su kan cire tsohuwar na'ura su sa sabuwa ƙirar Sin, wadda ke karɓar fulashi da katin memori. Faifan kansa ya ja baya, don kuwa yanzu wurin 'yan dawunlodin ake zuwa a tura fina-finai a waya ko a fulashi.

Amma aikin na da wurare biyu da ya kamata mai mota ya tsaya a kai da idonsa. Na farko shi ne waya. Lantarkin ƙaramar mota bolt 12 ne, kuma kowane layi yana da fis ɗinsa, wanda aikinsa shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Mai gyaran da ke gaggawa yakan feɗe wayar da ta fi kusa da hannunsa, ya murɗa sabuwa a kai, ya naɗe da salatif, ba tare da fis ba. In ya jona ta kai tsaye da batir, na'urar za ta yi ta shan wuta ko da an kashe mota, da safe a tashi a nemi masu turi. In kuwa wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota a ƙarƙashin kafet, ana iya samun gobara a daidai inda yara ke zaune.

Na biyu shi ne matashin kai. Mutane da yawa sun ɗauka don jin daɗi aka yi shi, alhali kuwa shi ke tare ƙeya kada wuya ya karye idan aka bugi mota daga baya. Wanda ya cire na asali ya sa mai allo da ƙafafunsa ba su zauna daram a raminsu ba, ya sayar da kariyar wuyansa ke nan. Haka kuma allon da aka ɗaure da igiyar roba kawai, a taka birki da ƙarfi, fuskar yaro zai nufa.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi waɗannan muni, ita ce kunna fim a allon gaba, kusa da sitiyari. Kamfanonin motoci kan haɗa allon gaba ta yadda hoto ba zai fito ba sai mota na tsaye, amma a kan sa mai wayarin ya warware wannan kulli. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direban da ya saci kallo na daƙiƙa uku a hanyar Zariya, ya yi tafiyar sama da mita 80 ido rufe.

A gaskiya allon baya na da amfaninsa, kuma duk uban da ya taɓa tuƙi daga Kano zuwa Kaduna da yara huɗu suna rigima a bayansa ba zai musa ba. Yaron da ya natsu yana kallo ba ya jan hankalin direba, ba ya kuma tsallakowa gaba. Sai dai natsuwar ba ta maye gurbin bel. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun Janairun 2003, kuma tana gargaɗin kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba. Abin da na fi gani a titunan Fagge shi ne yara a tsaye, sun dafa kujera sun matso da fuska jikin allo.

Iyaye mata kuma kan yi kukan amai a hanya. Ido na kan allo yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki a zaune yake, can cikin kunne kuwa ana jin kowace kwana da gargada. Wannan saɓani ke kawo jiri, kuma ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12. Maganinsa a kashe allo, a sauke gilashi, yaro ya dubi nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarar da ta fitar cikin 2019, ta ce kada a ba jariri kallon allo sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada su wuce awa ɗaya a yini. Tafiyar Kaduna kaɗai ta ninka wannan.

Saura batun abin da ake kallo. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, tana duba finafinan Hausa kafin su fita kasuwa, amma ba ta da ido a kan fulashin da aka cika a rumfar bakin titi, inda a kan haɗa zanen yara da finafinan manya a wuri guda. Maigida na gaba yana fuskantar hanya, ba ya ganin allon da ke bayan ƙeyarsa, in yaran sun sa belun kunne ma ko sautin ba zai ji ba.