Makaɗan Da Suka Saki Turba: Labarin Baƙon Kiɗan Turawa

Ran 29 ga watan Agusta 1952, jama'a suka taru a wani ɗakin katako da ke cikin kurmi kusa da garin Woodstock, a jihar Niyok ta Amurka, don su ji kiɗa. Wani gwanin kaɗa fiyano, David Tudor, ya fito ya zauna, ya riƙe agogo, ya rufe marfin madannai. Bai kaɗa kome ba. Can sai ya buɗe, ya sake rufewa, har sau uku. Da minti 4 da sakan 33 suka cika sai ya tashi, kiɗa ya ƙare ke nan. Wanda ya tsara wannan abu, John Cage, ya ce ai an yi kiɗa sosai: da fari an ji iska tana kaɗa itatuwa, sa'an nan ruwa ya soma ɗiga a kan rufi, daga baya kuma mutane suka shiga gunaguni suna fita.

Mai karatu ya iya cewa wannan zamba ce cikin aminci, ba mu kuwa ga laifinsa ba. Amma malamin makaranta, wanda yara za su tambaya wata rana ko mene ne kiɗa, ya kamata ya san yadda aka yi masu ilmi suka kai ga haka, don tafiya ce ta shekara arba'in da ɗoriya.

Sai mu fara da fiyano, don a jikinta bayanin ya fi sauƙi. In mutum ya bi madannanta daga hagu zuwa dama, amo yana ta ƙara siranta. Bayan kowane madanni 12, farare 7 da baƙaƙe 5, sai amon farko ya komo, sai dai ya fi na da siranta, kamar namiji da mace suna rera waƙa ɗaya. Bari mu kira wannan tsakani zango. Shekaru wajen ɗari uku al'adar masu tsara kiɗa a Turai ita ce su zaɓi amo 7 daga cikin 12, su naɗa ɗaya ya zama gida. Kiɗa ya kan tashi daga gida, ya yi yawo, ya shiga wahala, ya komo, mai sauraro ya yi ajiyar zuciya. Duk daɗin da Bature ke ji a kiɗan Mozart ko Beethoven a kan wannan fita da komowa ya rataya. Amma a hankali yawon ya riƙa tsawo. A wasan Tristan na Richard Wagner, wanda aka fara nunawa a 1865, sai an kai ƙarshen wasan, bayan sa'o'i wajen huɗu, kafin kunne ya sami cikakken masauki.

To, sai wani mutumin birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, Arnold Schoenberg, wanda aka haifa a 1874, ya ce tun da gidan ya zama kufai, me ya sa a ke ta riya cewa za a koma? Wajen 1908 ya soma tsara kiɗan da ba shi da gida sam. Bai ji daɗin wannan 'yanci ba, don kiɗan da ba shi da madogara ba ya tsawo, sai ya watse. Ya yi shekaru yana neman wata doka, ya kuwa bayyana ta a 1923. Ga yadda ta ke. Mai tsara kiɗa zai jera amo 12 ɗin nan duka yadda ya ga dama, kamar yadda a ke jera sunaye a rajista. Ba a komawa kan wani amo sai sauran 11 sun sami rabonsu, don kada ɗaya ya yi sarauta a kan 'yan'uwansa. An yarda a karanta jerin daga baya zuwa gaba, ko a kife shi, watau inda ya hau a sauka, inda ya sauka a hau, ko kuwa a haɗa biyun. Siffa 4 ke nan, kowace kuma ana iya ɗaga ta daga kowane madanni cikin 12, sun zama 48. Akawun da ya iya lissafi in ya ninka 12 da 11 da 10 har ya sauko kan 1, zai ga jerin da za a iya yi sun kai 479,001,600. Ashe dokar ba ta da ƙunci kamar yadda maƙiyanta suka faɗa.

Mu dai a namu ganin aibinta ɗaya ne, ba kuwa ƙarami ba: ido yana ganin wannan tsari a takarda sarai, amma kunne ba safai ya ke gane shi ba. Duk da haka almajirinsa Alban Berg ya yi kiɗa mai sosa zuciya da ita, abin da ya nuna dokar ba ta hana gwani gwaninta.

Jama'a ba su karɓi waɗannan abubuwa da hannu biyu ba. Ran 31 ga Maris 1913 Schoenberg ya shugabanci wani taron kiɗa a Biyana, ana cikin waƙoƙin Berg sai faɗa ya kaure, aka mari wani, taro ya watse, magana har gaban alƙali. Ba a cika wata biyu ba, ran 29 ga Mayu, aka yi irin wannan hargowa a Faris kan kiɗan rawa na Igor Stravinsky. Wannan duk wasan yara ne in an gwada da na masu mulki. Da Hitila ya hau a 1933, Schoenberg, da ya ke Bayahude ne, ya rasa aikinsa na koyarwa a Balin, ya yi ƙaura zuwa Amurka, can ya mutu a 1951. A 1938 gwamnatin Nazi ta shirya nuni a Dusaldof don a tozarta abin da ta kira lalataccen kiɗa. A Rasha kuma, zamanin Sitalin, aka fito da hukunci a 1948 aka tsawata wa Shostakovich da Prokofiev, wai kiɗansu ya yi nisa da talakawa. Abin lura ne ƙwarai yadda gwamnatoci biyu da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a kan tsoron kiɗan da ba su gane ba.

Irin waɗannan makaɗa Faransawa ke kira aban-gad, kalmar soja ce, ma'anarta rundunar da ke shiga gaba kafin sauran su iso. Amma akwai wata ƙungiya da ba ta damu da amo 12 ba ko kaɗan. A 1913 wani mai zane na Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta cewa kunnen mutumin birni ya saba da ƙarar inji, saboda haka ƙara ma kayan kiɗa ce. Ya ƙera akwatuna masu kururuwa da gurnani, ya kai su gaban jama'a a Milan a 1914, aka tashi baram-baram.

Injin ɗaukar magana shi ya cika wannan buri. Yawancin littattafai sun ba Pierre Schaeffer, injiniyan gidan rediyon Faransa, lambar farko, don a 1948 ya ɗauki kukan jiragen ƙasa a Faris, ya yayyanka shi a faifai, ya maimaita, ya harhaɗa, aka watsa a rediyo cikin Oktoba na wannan shekara. Alhali kuwa shekara huɗu kafin haka, a 1944, wani saurayi ɗan Masar mai karatun aikin gona, Halim El-Dabh, ya ari injin da ke ɗaukar magana a jikin waya, ya ɗauki muryoyin mata a wani taron zar a Alƙahira, abin da ya yi kama da bori a nan. Ya kai gidan rediyo ya yi ta sarrafa su da amsa-kuwwa, yana rage wani sashen murya yana barin wani, har suka zama abin da makogwaron ɗan Adam bai iya yi. Ya rasu a 2017, bayan duniya ta farga da shi a makare. Ya kamata malamai su riƙe sunan nan, don ɗalibanmu sun cika zaton kowane sabon abu daga Turai ya ke fitowa.

Yanzu sai mu komo kan Cage. An haife shi a 1912, ya kuwa yi karatu a hannun Schoenberg kansa, amma ya bi tasa hanya. A 1940 aka roƙe shi kiɗan rawa a wani ɗaki da ba shi da filin ajiye ganguna, sai ya cusa kusoshi da tarkace tsakanin wayoyin fiyano, ta koma tana ƙara kamar taron ƙwarya da kuge. A 1951 ya tsara wani kiɗa ta hanyar jefa kuɗi sama, abin da ƙuri'a ta ba shi shi ya rubuta. A ganinsa kiɗan gwaji shi ne wanda ko mai shi bai san yadda zai fito ba. Nan ne hanyoyin biyu suka rabu, kamar yadda wani Baturen Ingila, Michael Nyman, ya bayyana cikin littafinsa na 1974: magadan Schoenberg, irin su Pierre Boulez da Karlheinz Stockhausen, suna so su mallaki kowane amo, tsawonsa da ƙarfinsa, su kuwa mutanen Cage suna so su sake shi ya yi abin da ya ga dama. Cage ya ba da labari cewa ya taɓa shiga wani ɗaki a jami'ar Harvard wanda aka gina don kada a ji motsin kome, amma duk da haka ya ji ƙara iri biyu daga jikinsa. Daga nan ya tabbata babu shiru na ainihi, minti 4 da sakan 33 ɗin nan kuwa hujjarsa ce.

Ba ma cewa duk abin da waɗannan mutane suka bari mai kyau ne. Dabarar Cage irin tatsuniya ce wadda ba a jin daɗinta sau biyu, masu kwaikwayonsa da yawa kuwa ragwanci suka ɓoye a bayanta. Su kansu 'yan baya sun gaji. Steve Reich na Amurka ya tafi Gana a 1970 ya zauna gaban makaɗan Ewe yana koyo, ya koma gida ya tsara wani dogon kiɗan ganguna a 1971, wanda a ke ta maimaita ɗan gajeren salo, wani makaɗi yana ɗan tsere wa wani har sabon salo ya fito. Mu da muka tashi da kalangu a kunne ba za mu ga baƙon abu ainun a nan ba.

Mun taɓa gwada abin Cage da ɗaliban aji ɗaya a kwalejin horon malamai. Muka ce kowa ya yi shiru minti huɗu da rabi, ya rubuta abin da ya ji. Minti na farko dariya ta cinye shi. Da aka tattara takardu, wanda ya fi kowa ya lissafa abu goma sha ɗaya, har da luguden daka daga unguwar ma'aikata, ya kuma lura cewa matan biyu ne, taɓaryar ɗaya ta fi ta ɗaya nauyi. Wani kuwa ya miƙo takarda fara fat, ya ce shi bai ji kome ba, yana jiran a fara ne.